Tafintan Da Ya Faɗo Kan Kyaftin

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar a Guangzhou, ranar da na buga wa wata ƙasa da ban taɓa taka ta ba ƙwallon kwando, na kuma ɓata mata shirin shekara guda cikin lokacin da bai isa mutum ya shanye kofin shayi ba.

Bari in fara da abin da ya jawo komai. Ni dogo ne. Ba irin dogon da ake cewa "ka yi tsayi masha Allah" ba, irin wanda in ya shiga ɗaki sai an ce ya yi hankali da fanka. A Kano ban taɓa ganin amfanin tsayin ba sai wajen canza ƙwan lantarki da sauko wa Hajiyarmu tukwane daga saman kanta. Ƙwallo kuwa ko ta ƙafa ban iya ba. An taɓa sa ni tsaron gida a unguwarmu saboda tsayi, aka cire ni tun kafin hutun rabin lokaci. Da na zo karatu wata jami'a a unguwar Tianhe da ke Guangzhou, tsayin ya zama abin kallo. A jirgin ƙasa a sunkuye nake tafiya, tsofaffin mata su tsayar da ni su ɗauki hoto, kuma duk wanda ya sami bakin yi mini magana tambayarsa ɗaya ce: kana buga ƙwallon kwando? Kullum ina ce musu a'a. (Ina so a riƙe wannan, domin shi ne kaɗai abin da zan iya kare kaina da shi a duk labarin nan.)

Abokin ɗakina Lawali ne, ɗan Maraɗi, wanda ke jin Faransanci da Sinanci kamar an haife shi da su, don haka aikin tafinta ba ya yanke masa. Wata rana ya shigo yana ta fifita da takarda ya ce ya shiga uku. Ya karɓi aikin yi wa wata ƙungiyar ƙwallon kwando tafinta, ga shi kuma malaminsa ya matso masa da ranar kare bincikensa.

"Dogo, kai za ka je mini," in ji shi.

Na ce, "Da wane Faransancin? Ni daga gaisuwa na ƙare."

"Kyaftin ɗinsu a zango ya tashi, unguwar Hausawan ƙasarsu, yana jin Hausa. Kai ka juya Sinanci zuwa Hausa, shi ya juya wa kocinsu zuwa Faransanci. Shi ke nan."

Haka ya faɗa, shi ke nan, kamar mai aikena sayen gishiri.

Ƙungiyar ta wata ƙaramar ƙasa ce a gaɓar teku a Afirka ta Yamma. Ba zan faɗi sunanta ba, don na riga na yi mata abin da ya isa. Wani kamfanin 'yan Sin da ke aikin hanya a can ne ya ɗauki nauyin kawo su Guangzhou su yi atisaye kafin zagayen ƙarshe na neman gurbin shiga gasar nahiyar Afirka. Ƙasar ba ta taɓa zuwa gasar ba. A wannan karon ne kawai ta zo kusa, har gidan rediyonsu ya fara kiran sunayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya. Ban san me na yi tsammanin gani ba, amma dai ba abin da na gani ba ne. Ɗaya malamin firamare ne, ɗaya yana aiki a tashar jiragen ruwa, wani kuma ya bar wa ƙaninsa tasinsa ya taho. Kowa da irin takalminsa. Kuma duk cikinsu babu wanda ya kai ni tsayi.

Kyaftin ɗin sunansa Awudu. Ya girme ni sosai, furfura ta fara fito masa a gemu, kuma Hausarsa irin ta zango ce, wadda mace da namiji duk "ya" ne a cikinta. Tun ranar farko muka saba. Yana ce mini Dogo, ina ce masa Yaya Awudu. A motar da ke kai mu ɗakin wasa ya gaya mini cewa tun yana saurayi yake buga wa ƙasarsa, an fitar da su a zagayen farko har ya daina ƙirgawa, gwiwoyinsa kuma sun fara ba shi sanarwa. Ya ce, "Wannan ne na ƙarshe, Dogo. In mun shiga, mun shiga. In ba mu shiga ba, na koma shagon fenti na."

Aikin tafinta ya tafi daidai, in dai an yarda cewa maganar da ta fito da tsayi daga bakin Basine takan isa kunnen koci a gajarce. Mai kula da ɗakin wasa zai yi dogon bayani kan dokokin amfani da wurin, ni in ce wa Awudu, "Ya ce kar a shigo da takalmin waje." Awudu ya juya ya faɗa wa koci kalma biyu. Koci ya gyaɗa kai. Kowa ya huta.

Kocin ɗan gajeren dattijo ne mai sanƙo, ba ya dariya, kuma na lura tun zuwana yake kallona daga sama zuwa ƙasa kamar mai taya rago. Da ya gaji da kallo sai ya kira Awudu suka yi ƙus-ƙus. Awudu ya zo ya ce mini ƙasar da za su fara karawa da ita tana da wani ƙato da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, su kuma ba su da wanda za su gwada jifa a kansa. Koci yana tambaya ko na iya wasa.

Na ce, "Wallahi ban iya ba."

"Ya ce ba komai. Ka iya tsayawa?"

Na ce na iya.

"Ka iya ɗaga hannu?"

Na ce wannan ma na iya.

Haka na sami aiki na biyu. Kullum in an zo atisayen jifa, sai in je ƙarƙashin kwando in tsaya, hannuwa a sama, su kuma su yi ta kewaye ni suna neman hanyar jefawa. A taƙaice dai falwaya aka mayar da ni. Amma fa na iya aikin. Wani lokaci ƙwallo takan bugi hannuna da kanta ta koma, sai 'yan wasan su yi ihu su daki bayana. Har koci ya taɓa cewa wata kalma da Awudu ya fassara mini da "ya yi kyau". Suka ba ni rigar atisaye mai tutar ƙasarsu a ƙirji, wadda ta tsaya mini a cibiya. Na kai ta ɗaki na sa, na tsaya gaban madubi na daɗe. Lawali ya ɗago daga littafinsa ya dube ni, ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya mayar da kansa.

A wannan makon ne Kawu Sabo ya shigo gari sayen kaya. Aminin mahaifina ne, ɗan kasuwar Kwari, kuma shi ne idon Baba a kaina duk lokacin da ya zo. Muka haɗu bayan sallar Juma'a a ƙofar Masallacin Huaisheng, yana tare da abokan tafiyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi karatu, sannan ya ce ya kira ni sau da yawa ban ɗauka ba.

Da na ce masa aikin tafinta nake yi, da an wuce wurin. Sai bakina ya ce, "Wallahi Kawu, wata ƙungiyar ƙasa ce nake taimaka wa da atisaye. Suna shirin gasar Afirka."

Ku duba maganar da kyau, babu ƙarya a cikinta. Amma kafin mu isa gidan abincin da muke cin tuwo a unguwar Dengfeng, na ji ɗaya daga cikin alhazan yana gaya wa wani a waya cewa ɗan Alhaji wane ne ke horar da wata ƙasa a China. Na ji da kunnena. Ina da baki, loma ce kawai a cikinsa, kuma da na haɗiye ta ban ce komai ba. Har na ƙara da cewa gobe Asabar akwai wasan sada zumunci da ƙungiyar wata jami'a, duk mai sha'awa yana iya zuwa. (A raina na ce 'yan kasuwa ne, wa zai bar sayayya ya zo kallon ƙwallo?)

Sun zo. Ba su kaɗai ba, har da wasu 'yan Nijar da 'yan Ghana da suka ji labari a shagunan waya, da ɗalibai 'yan uwana. Suka cika layi guda a gefen hagu, manyan riguna da huluna a tsakiyar ɗaliban Sin masu ganguna da balan-balan. Kawu Sabo yana tsakiya, carbi a hannu. A can gaba kuma ga lawban, wato mai gidan kamfanin da ya kawo ƙungiyar, da muƙarrabansa. Akwai mai sanarwa da lasifika, akwai masu ɗaukar hoto. Ni da na zaci za a yi wasa ne a gaban kujeru.

Wasan yana da muhimmanci a wurinsu fiye da yadda sunansa ya nuna. Tun zuwansu ba su ci wasa ko ɗaya ba, kuma wannan ne na ƙarshe kafin su tashi. Koci yana so su hau jirgi da ɗanɗanon nasara a baki. Matsalar ita ce biyu daga cikin dogayensu sun kwana suna zarya ban ɗaki saboda wani abincin teku da suka ci, ko benci ba su iya zama ba. Duk da haka aka yi ta kai ruwa rana, su ci, a rama, su ci, a rama. Ina zaune a ƙarshen benci cikin rigar nan tawa, ina fassara abin da alƙalin wasa ya faɗa, lokaci-lokaci kuma in miƙe in nuna wani wuri da yatsa don mutanen gefen hagu su ga ina aiki.

Ana dab da tashi, suna gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai aka fitar da dogon da ya rage musu saboda laifuffukansa sun cika. Koci ya dubi benci. Ya dubi gajerun da suka rage. Sannan ya dube ni.

Awudu ya zo yana haki ya ce, "Ya ce ka je ka tambayi kocin can, tunda wasan zumunci ne, ko zai yarda tafinta ya shiga."

Wato ni da ƙafata na taka zuwa wancan benci, na kuma nema wa kaina izini da Sinanci mai kyau, har da ladabi. Kocin jami'ar ya ɗaga kai ya kalle ni, na ga tsoro a idonsa (wannan tsoron ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba), sannan ya ce babu damuwa.

Kafin a busa usur Awudu ya riƙe mini wuyan riga ya jawo kaina ƙasa daidai bakinsa.

"Dogo, ji nan. Abin da kake yi kullum, shi za ka yi. Ka tsaya, ka ɗaga hannu. In ƙwallo ya zo hannunka, ka ba ni shi. Kar ka yi tafiya da shi. Ka ji?"

Na ce na ji.

Kuma da farko na ji ɗin. Na tsaya, na ɗaga hannu. Wani yaro mai saurin tsiya ya kutso ya yi tsalle zai jefa, ƙwallo ta bugi tafin hannuna ta yi sama, ta dawo ta faɗo mini a ƙirji na rungume ta. Ban yi komai ba, Allah ne shaida. Amma ɗakin nan ya ɗauka gaba ɗaya. Ganguna, tafi, mai lasifika yana ihu. Daga gefen hagu na ji muryoyin Hausa suna "Dogo! Dogo!" Na waiga na ga Kawu Sabo, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba, a tsaye yana kaɗa hula.

Daga nan ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ga fili a buɗe har zuwa ɗaya kwandon. Na ga Awudu a gefena ya miƙo hannu biyu yana kiran sunana. Na gan shi sarai. Sai na zuba da gudu.

Ga wanda bai san wasan ba, doka ce in za ka yi tafiya da ƙwallo sai kana buga ta a ƙasa. Na san dokar, na sha fassara ta. Amma a lokacin ƙwallon tana ƙirjina a rungume kamar jaririn da na ƙwato daga gobara, kuma haka na ratsa filin da ita tun daga wannan ƙarshe har wancan. An busa usur tun takuna na farko-farko. Ban ji ba. 'Yan jami'ar duk sun tsaya cak suna kallona, ni kuma na ɗauka tsorona suke ji. Ihun ɗakin ya canza launi, ya koma wani abu dabam, ni kuma na ɗauka ƙaruwa ya yi. Mutum ɗaya ne ya biyo ni, Awudu, yana "Tsaya! Dogo, tsaya!"

Da na isa sai na yi abin da nake gani a talabijin. Na daka tsalle da niyyar danna ta cikin kwando da hannu biyu. Ƙwallo ta daki ƙarfen kwandon daga ƙasa, ta dawo da duk ƙarfin da na ba ta ta same ni a hanci. Na yi baya-baya a iska, na faɗo da dukan nauyina a kan ƙafar Awudu, wanda ya iso daidai lokacin don ya riƙe ni.

Na ji ƙarar da ya yi. Ba ihu ba ne, wani ɗan gajeren sauti ne daga maƙogwaro. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙwallon tana dungure tana tafiya ita kaɗai zuwa bango.

Kun ce kunyar ta ƙare a nan? Ai yanzu ta fara, domin har yanzu ni ne tafinta. Koci ya shigo fili a guje, alƙalin wasa ma ya iso, yana son ya yi wa koci bayanin hukuncin da ya yanke. Ya yi magana, kowa ya juyo ya dube ni. Ina zaune a ƙasa, jini yana bin gemuna yana ɗiga kan tutar ƙasar mutane. Dole na buɗe baki.

"Ya ce ɗan wasan ya yi gudu da ƙwallo a hannu."

Koci ba ya jin Hausa. Don haka Awudu, yana kwance riƙe da idon sawunsa yana cije leɓe, shi ya juya masa zuwa Faransanci.

Alƙali ya ƙara magana.

"Ya ce an busa usur, ɗan wasan bai tsaya ba."

Awudu ya fassara, yana nishi.

Alƙali ya sake magana, wannan karon a hankali, da alamar tausayi.

Na shiga share jinin hancina. Awudu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Me ya ce?"

"Yana tambaya ko ɗan wasan ya taɓa buga ƙwallon kwando."

Wannan Awudu bai fassara ba. Koci ya gane da kansa.

An ƙarasa wasan ba tare da mu ba, kuma an cinye su. Ni da Awudu da koci muka tafi asibiti a motar kamfani, auduga a hancina. A can ma ni ne bakin kowa. Aka ɗauki hoton ƙafar, likita ta ɗaga shi ta nuna da biro, ta ce babu karaya, targaɗe ne amma mai ƙarfi, yana bukatar hutun makonni. Na tambaye ta, ba da yawun kowa ba, ko zai iya buga wasannin neman gurbin da ke tafe nan da ɗan lokaci kaɗan. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce in yana son ƙafar ta ƙara yi masa amfani, kar ya kuskura ya buga wasan farko. Na biyu kuma sai yadda kumburin ya nuna.

Na daɗe ina juya maganar a bakina ina neman inda zan rage mata kaifi. Babu. Na faɗa masa yadda take.

Awudu ya kalli silin. Can ya ce, "Wasan farko shi ne na masu ƙaton nan."

Na ce, "Yaya Awudu, don girman Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe. Amma yau kar ka yi mini magana da yawa."

Ban ƙara cewa uffan ba sai abin da likita ta faɗa.

Muna nan sai ga Kawu Sabo da Lawali, da kular tuwo da miyar kuka daga Dengfeng. Kawu ya gaisa da Awudu, ya yi masa sannu, ya yi masa addu'a mai tsawo, ya sa Lawali ya ba koci haƙuri da Faransanci a madadin mahaifina. Sai da ya gama duk wannan sannan ya juyo gare ni. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "An ce mini kai kake koya musu. Da na ga gudun nan naka sai na ce, to, shi ya sa ba su taɓa zuwa gasar ba."

Awudu, da ya ce kar a dame shi, ya yi dariya har sai da ƙafar ta motsa ya yi ƙara.

Kafin wayewar gari bidiyon ya zaga duk wayoyin Hausawan Guangzhou. Wani ɗan albarka ya rage masa sauri ya sa masa kiɗan kalangu. Ya isa Kano kafin Kawu ya isa. Ƙanwata ta turo mini shi ba tare da ta rubuta komai ba, Baba kuma ya kira ya tambayi karatu kawai, da wata irin murya. A Dengfeng in na shiga shagon waya sai yaran shago su rungume kwali a ƙirji su yi gudu a tsaye. Har mai sayar da 'ya'yan itace a bakin layin, wata tsohuwa Basiniya da ban san ta san ni ba, ta nuna hancina ta ɗaga mini babban yatsa.

Sauran kwanakin da suka rage musu ban gudu ba, ko da yake na so. Na ci gaba da zuwa, ina ɗaukar wa Awudu jaka, ina nemo ƙanƙara, ina raka shi wurin gashin ƙafa. Koci bai sake sa ni tsayawa ƙarƙashin kwando ba. Ya sa aka samo tsani aka ɗaura masa tsintsiya biyu, aka tsayar da shi a madadina. A filin jirgi ya miƙo mini hannu ya faɗi wata doguwar magana, Awudu ya fassara da "Ya ce sai wata rana." Na san ba iyakarta ke nan ba, ni ma na sha yi wa mutane irin wannan rangwamen.

Wasannin neman gurbin sun faɗo mana da asuba saboda bambancin lokaci. Abin mamaki, alhazan nan da ba su san ƙasar ba kafin wannan Asabar sun zama magoya bayanta. Kawu ya riga ya koma, amma abokansa da suka rage sukan taru a masaukin ɗayansu bayan salla, a jingina waya da flas ɗin shayi, a yi ta kallo. Ni ma ina zuwa, in zauna kusa da ƙofa.

A wasan farko Awudu yana benci cikin kayan gida. Ƙaton nan na gaske ya yi musu ɓarna, amma sun riƙe shi fiye da yadda kowa ya zata, kuma da ƙyar aka cinye su. Duk lokacin da suka zubar da ƙwallo a inda kyaftin zai riƙe ta, sai ɗakin ya yi shiru, wani ya yi gyaran murya. Babu wanda ya waigo ya dube ni, kuma rashin waigowar ya fi kallon ciwo. A wasa na biyu ya shigo da ƙafa a naɗe, yana ɗingishi kaɗan, ya buga kamar ba gobe, suka ci. Na ukun ma suka ci. Muka yi ta murna har maƙwabci ya buga bango. Sai aka zo lissafi, aka ce sun yi kunnen doki da masu ƙaton, kuma tunda waɗancan ne suka ci karawar da suka yi, su za su wuce.

Na yi kwanaki ban kira shi ba. Da na kira, yana shagon fentinsa, ina jin wani yana tambayar farashin bokiti. Muka gaisa, na tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi. Sannan na yi tambayar da ta hana ni barci.

"Yaya Awudu, tsakaninka da Allah, da ka buga wasan farkon nan, da kun ci?"

Na so ya ce a'a. Duk wanda aka yi wa irin wannan tambaya ya san amsar da ake roƙo.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Dogo. Wataƙila."

Na ce, "To."

Ya ce, "Wataƙila kuma da ƙaton ne ya faɗo mini. Shi ya fi ka nauyi." Ya yi dariya, ya ce in gai da Kawu, ga mai saye yana jira.

Ya daina wasa kamar yadda ya ce. Yanzu yana taimaka wa kocin da horar da matasa, kuma har yau muna gaisawa duk salla. Ya gaya mini cewa duk sabon yaron da aka ɗauka, a ranarsa ta farko sai an zaunar da shi an nuna masa bidiyona, mai kalangun, kafin a ba shi riga. Ya ce yana aiki sosai. Wato dai a ƙarshe maganar alhajin nan ta tabbata, ina cikin masu horar da wata ƙasa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mutum yana iya sanin iyakarsa sarai, ya faɗe ta da bakinsa, har ya fassara ta cikin harsuna biyu, amma taro ya tafa masa sau ɗaya ya manta. Shi ya sa yanzu in na ji ana yi mini tafi, ko a wurin walima ne, ba na motsawa. Nakan tsaya in duba hannuna in ga me na riƙe, in kuma waiga in ga ƙafar wa ke kusa.